Tsintsiya Ba Maɗauri

Sunana Barent, mai fito a kogin Hudson,
daga gaɓar Jersey zuwa bakin New York.
Shekara talatin hannuna na kan filafili.
Na ƙetare da sojan sarki, na ƙetare da masu korarsu,
ruwa bai taɓa tambayar kowa takarda ba.

Da yaƙi ya ƙare, aka ce mun zama ƙasa.
Jiha goma sha uku, tuta ɗaya,
amma tsintsiya ce ba maɗauri:
kowane tsinke na share gabansa,
dattin na faɗawa ɗakin maƙwabci.

Neeltje, matar mai gonar kabeji,
takan shigo jirgina da asuba
da kaji shida da ɗaurin itace.
Tana taka wancan tudu, ga jami'i da littafi:
"Kayan waje ne. Biya."
Waje? Daga inda take tsaye
tana hango hayaƙin murhunta.

Kuɗi kuwa, kada ka tambaya.
Aljihuna ya zama taron dangi marasa shiri:
sulen Jersey, takardar Rhode Island,
dalar Sifen da aka yanka gida huɗu.
Abin da ya sayi burodi a nan,
a can ko gishiri ba ya ɗauka.

Majalisa takan zauna, in an samu mazauna.
Tana da baki, ba ta da haƙori.
Sai ta aika wa jihohi, don Allah a taimaka,
kamar mai ɗibar wuta a gidan da ba sa ga maciji.
Sai tara sun yarda kafin a motsa,
sai duka sha uku kafin a gyara wasali.
Ɗaya ta ce a'a,
an kaɗe riga, an watse.

Ƙanena Teunis ya bar yatsu uku a dusar ƙanƙara,
aka sallame shi da takarda mai hatimi.
Shekara huɗu tana cikin hularsa,
har ya sayar wa wani ɗan kasuwa
a kuɗin takalmi.
Ban zagi kowa ba ranar. Wa zan zaga?
Wanda ba ya iya karɓa, da me zai biya?

Sai wani lokacin zafi aka kulle ƙofa a Philadelphia.
Gumi, ƙuda, gardama wata da watanni.
Suka fito da 'yan shafuka.
An karanta mana a mashaya, mai karatun na tuntuɓe:
tarayya za ta karɓi haraji da hannunta,
ta buga kuɗi, ta tara soja, ta kafa kotu,
ciniki tsakanin jihohi ita ke da linzami,
ga shugaba guda, mai wa'adi, ba mai kambi ba.

Yanzu Neeltje na sauka da kajinta shida cif.
Jami'in nan ya koma sayar da igiya.
Takardar Teunis ma an biya ta,
ba a rage ko sisi ba.
Ɗan kasuwan ya yi sabon bene.

Bara suka zo auna tukunyar barasar surukina,
wannan karon babu don Allah.
Bakin da ya yi haƙori
ba ya tambayar naman wa.

Quaco ke tuƙa min ɓangaren hagu.
Bawan mai masauki ne, hayarsa nake biya.
Ya ji an ce takardar ta ƙirga irinsu,
uku cikin biyar.
Ya daɗe yana duban hannuwansa a kan filafili,
ya ce, "Barent, ina ne ba su ƙirga ba?"

Ban ba shi amsa ba.
Igiyar ruwa ta taso, muka ja tare.

Tsintsiya ta ɗauru, ba ƙarya, tana shara.
Sai dai in maɗauri ya kama,
wani tsinken na kwance a tsakiya,
wani a jikinsa igiyar take ci.